Sa'ad da Taga Ta Daskare: Cututtukan Manhajar Kwamfuta da Hanyar Gano Su

Wata ranar Asabar, bayan an idar da sallar La'asar, wani saurayi daga cikin waɗanda na taɓa koyarwa ya yi mini sallama a zaure, yana rungume da kwamfutarsa, idanunsa kuwa na wanda ya kwana bai runtsa ba. Da muka gaisa sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wata manhaja na rubuta wa wata makaranta domin tattara sakamakon jarrabawa, ga shi jibi Litinin za a raba wa ɗalibai, amma duk sa'ad da aka danna maɓallin lissafi sai tagar ta yi fari fat ta daskare, har mai aikin ya gaji ya rufe ta da ƙarfi." Na ce ya buɗe mu gani, gama gani ya kori ji. Ya danna maɓallin, tagar ta daskare kamar yadda ya faɗa, ya kai hannu zai rufe ta, na riƙe hannunsa, na zuba wa agogo ido. Bayan kamar daƙiƙa arba'in sai ga ta ta farfaɗo, sakamakon ɗalibai duka ya fito daidai, ba kuskure ko ɗaya. Na ce masa, "Ka gani, ɗana, ranta na nan. Aiki ne ya sha kanta har ta kasa amsa sallama."

Wannan mas'ala da ta hana saurayin barci ita ce uwar mas'alolin wannan fanni, kuma wanda ya fahimci asalinta ya fahimci rabin abin da ke addabar masu rubuta manhajar da ake aiki da ita a kan kwamfutar tebur, wato irin manhajar nan mai tagogi da maɓallai da akwatunan cike bayani, wadda ake gani a kantin magani da ofishin makaranta da ɗakin ajiyar kaya.

Kafin zuwan tagogi, manhaja ita ce mai iko da mutum: ta yi tambaya, ya ba da amsa, ta yi lissafi, ta buga sakamako, ta tsaya, komai bi da bi kamar mai karanta littafi daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Amma tun da aka ƙera na'urar Alto a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto ta ƙasar Amurka a shekarar 1973, daga bisani Macintosh ta fito a 1984, Windows kuma a 1985, sai al'amarin ya juye, iko ya koma hannun mai riƙe da linzami, shi ne yake zaɓen abin da zai taɓa da lokacin da zai taɓa shi, alhali manhajar ba ta da masaniyar abin da zai zo mata nan gaba. Saboda haka aka gina kowace manhaja mai taga bisa wata ƙa'ida guda, wadda za mu iya kira kewayen sauraro. Misalinta kamar magatakarda ne guda ɗaya tak da ke zaune a ƙofar fada, mutane suna jere da takardunsu, ya karɓi ta farko ya biya mata bukata, ya ɗago kai ya karɓi ta biyu, haka har yamma. Danna maɓalli takarda ce, motsa linzami takarda ce, buga harafi takarda ce, har ma bukatar a sake zana tagar bayan wata tagar ta rufe ta, ita ma takarda ce da ke bin layi. To, in aka miƙa wa magatakardan nan wata takarda da ke bukatar ya lissafa makin ɗalibai ɗari takwas, ya sunkuyar da kai ya shiga lissafi, duk sauran masu layi sai su tsaya, har da mai neman a sake zana tagar, shi ya sa take yin fari. Windows kuwa, in ta ga manhaja ta yi daƙiƙa biyar ba ta karɓi takarda ko ɗaya ba, sai ta rubuta a saman tagar cewa ba ta amsawa, mai aiki kuma ya ɗauka ta mutu.

Wannan ƙa'ida ba ta sauya ba ko da wane kayan aiki mutum ya ɗauka. Tk, wanda John Ousterhout ya fitar a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1991, wanda kuma masu harshen Python suka sani da sunan Tkinter, yana da kewayensa da ake kira mainloop. Qt, wanda wasu 'yan ƙasar Norway biyu, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, suka fara rubutawa a 1991 suka fitar wa jama'a a 1995, yana da nasa. Swing na harshen Java ma haka. Sunaye ne suka bambanta, magatakardan ɗaya ne, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: kada a riƙe shi. Masu nazarin yadda mutum ke mu'amala da na'ura, tun daga binciken Robert Miller na 1968, sun tabbatar da cewa amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin ta kamar nan take ce, wadda ta kai daƙiƙa guda yana lura da jinkirinta amma tunaninsa bai yanke ba, wadda kuwa ta wuce daƙiƙa goma hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri. Kwatanta wannan da daƙiƙa arba'in ɗin saurayin nan.

Maganin, a zahirinsa, mai sauƙi ne: a ɗauko ma'aikaci na biyu a ba shi lissafin, magatakarda ya ci gaba da karɓar takardu. Wannan ma'aikaci na biyu shi ake kira zare, wato wani layin aiki da ke gudana gefe da gefe da babban layin. Saurayin ya ce ai ya taɓa gwada haka, sai abin ya ƙara lalacewa, gama manhajar takan yi aiki lafiya sau tara, a na goma ta rufe kanta ba sallama. Na ce ya nuna mini abin da ya rubuta, kuma tun kafin ya gama gangarawa na ga illar, domin ya bar zare na biyu yana rubutu kai tsaye a cikin tagar, yana sauya adadin ɗaliban da aka gama lissafa musu. Kusan dukan kayan aikin nan sun haramta wannan haramci mai ƙarfi, saboda taga amana ce a hannun babban zare shi kaɗai, kuma in hannu biyu suka kai ga takarda ɗaya a lokaci guda, ɗaya yana rubutu ɗaya yana gogewa, abin da zai fito ya dogara ne ga wanda ya riga wani da ƙiftawar ido, wannan kuwa abu ne da ke sauyawa daga gwaji zuwa gwaji. Hanya sahihiya ita ce ma'aikaci na biyu ya rubuta sakamakonsa ya saka a layi, magatakarda ya ɗauka da kansa ya rubuta a taga. A Swing akwai umarnin invokeLater domin haka, a Qt ana aika sigina ce daga zare zuwa zare, a Tkinter kuwa, inda muke, sai muka buɗe wani layin ajiya da zare na biyu ke zuba labari a ciki, muka yi amfani da umarnin after muka sa babban zare ya riƙa leƙa layin sau goma a kowace daƙiƙa. Kafin a kira Magariba, sai ga sandar ci gaba tana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, tagar tana amsa linzami, har da maɓallin fasawa ga wanda ya sauya ra'ayi. Lissafin bai ragu da ko daƙiƙa ɗaya ba, amma mai aikin yanzu yana ganin abin da ake ciki.

Ina so mai karatu ya ɗan tsaya a kan irin wannan ciwo mai zuwa yau ya ɓuya gobe, domin a ganina shi ne mafi haɗari a dukan fannin, kuma tarihi ya riga ya nuna iyakar sharrinsa. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa majinyata haske fiye da ƙima ninkin-ba-ninki a lokuta shida da aka tabbatar a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Ko da yake fuskar na'urar ta rubutu ce zalla, ba ta da tagogi irin namu, illar ita ce wadda muke magana a kai: sassa biyu na manhajar suna tsere a kan bayani ɗaya. In ma'aikaci ya gyara abin da ya shigar cikin kamar daƙiƙa takwas, yayin da na'urar ke daidaita kanta, gyaran yakan bayyana a fuska amma bai isa ga sashen da ke sakin hasken ba. Wanda bai ƙware ba, hannunsa bai da saurin da zai faɗa wannan rami, sai ƙwararre. A garin Tyler na jihar Texas, a 1986, masanin na'urorin wani asibiti ne tare da ma'aikaciyar da abin ya faru a hannunta suka zauna suna maimaita aikin sau da yawa, har suka gano cewa sauri ne mabuɗin, daga nan suka iya tayar da ciwon duk sa'ad da suka so.

Abin da mutanen nan biyu suka yi shi ne tushen wannan sana'a. Alƙali ba ya yanke hukunci da zato, sai da bayyina, haka mai gyaran manhaja bai kamata ya taɓa ko harafi ɗaya ba sai ya iya tayar da ciwon da gangan, ya ce: in na buɗe wannan tagar, na shigar da wannan sunan, na danna wancan maɓallin, to lalle zai faru. Bayan haka sai ya shiga rage manhajar, ya cire rabi ya gwada, in ciwon na nan ya sake cire rabin abin da ya saura, har ya rage 'yan layuka ashirin ko talatin waɗanda mai laifin ba shi da wurin ɓuya a cikinsu. Kuma ya sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, gama wanda ya sha magani uku a dare ɗaya ya wayi gari da sauƙi bai san wanda ya warkar da shi ba. Na sha ganin matasa masu hazaƙa suna tsallake wannan mataki saboda gaggawa, suna kwafo gyara daga intanet suna liƙawa, abin yakan ba ni tausayi, domin kwana ukun da suke ɓatawa a haka awa guda ta natsuwa ta ishe su.

Babban abin da ke hana samun bayyina a manhaja mai taga shi ne shiru. Manhajar da ake gudanarwa a baƙin allon umarni, in ta yi tuntuɓe takan rubuta ƙorafinta a nan take, ta faɗi layin da ta faɗi a kansa. Amma in aka naɗe ta aka miƙa wa jama'a ba tare da wannan allo ba, sai ƙorafin ya rasa inda zai fita, mai aiki ya danna maɓalli bai ga komai ba, ya sake dannawa bai ga komai ba. Saboda haka wajibi ne tun ranar farko a buɗe wa manhaja littafin rajista, wato fayil da take rubuta abin da ta yi da lokacin da ta yi shi da duk kuskuren da ta gamu da shi, domin ran da aka bugo waya daga wani gari aka ce ta ƙi aiki, wannan fayil ne kaɗai shaidar da ta halarci wurin.

Akwai wasu ƙananan cututtuka da kusan kowane ɗalibin Tkinter sai ya ɗanɗana. Yakan ɗora hoton tambarin makaranta a kan taga, ya gudanar, ya tarar da wurin fayau, babu hoto babu ƙorafi. Musabbabin shi ne Python tana share duk abin da ba wanda ke riƙe da sunansa, domin ta sami wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, hoton kuwa an ba shi suna ne a cikin wani ɗan aiki da ya riga ya ƙare, sai sunan ya tafi, hoton ya bi shi. Layi ɗaya da zai ɗaure hoton a jikin tagar ya wadatar. Haka nan yakan haɗa maɓalli da aikinsa ya sa baka biyu bayan sunan aikin, sai aikin ya gudana tun ana buɗe taga, maɓallin kuma ya zama kurma har abada, domin da baka biyun nan ya ce a yi aikin yanzu, alhali nufinsa a ajiye sunan sai an danna.

Shimfiɗar taga ma tana da nata. Wanda ya kafa kowane maɓalli da ƙididdigar ɗigo, ya ce wannan ya zauna a ɗigo na 200 daga hagu, zai ga kyau a kwamfutarsa kawai, domin an daɗe ana gini bisa zaton ɗigo 96 a kowane inci, alhali kwamfutocin yanzu da yawa suna faɗaɗa komai da kashi 125 ko 150 cikin ɗari, sai rubutu ya fi ƙarfin akwatinsa, ƙarshen kalma ya yanke. Mu kuwa abin ya fi shafar mu, gama umarnin da Turanci ke faɗa da kalma ɗaya gajera Hausa takan faɗe shi da uku. A bar wa masu tsara shimfiɗa da ke cikin kayan aikin su auna da kansu, illa dai a Tkinter kada a gwama pack da grid a cikin gida ɗaya, domin kowannensu yana ganin shi ne mai gidan.

Na ɗauka mun gama da saurayin nan, har ya fara naɗe wayar cajinsa, sai na ce ya fitar mini da jerin sunayen ɗaliban in duba. A layi na bakwai na ga an rubuta RuÆ™ayya, a ƙasa kuma garin wani ɗalibi ya zama HaÉ—eja. Ya ce ai wannan ya daɗe yana ganinsa, malaman makarantar sun saba, da biro suke gyarawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin yarinya tana da haƙƙin ta ga sunanta daidai a kan takardar da za ta kai wa mahaifinta, kuma gyaran ba ya ɗaukar minti biyar. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohon jadawalin da Windows ke amfani da shi domin harsunan yammacin Turai, mai suna Windows-1252, gurbi 256 kawai gare shi, kuma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu a Nijeriya muke sa waƙafin sama kafin y. Jadawalin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowannensu lambarsa, tsarin UTF-8 kuma, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ajiye kowane ɗayansu a gurbi biyu. In aka rubuta fayil da UTF-8, aka zo aka karanta shi da tsohon jadawali, sai a ɗauki gurbi biyun nan a matsayin haruffa biyu dabam, ƙ ta zama Æ da ™. Manhajar saurayin tana buɗe fayil ba tare da ta ambaci tsarin da za a karanta shi da shi ba, sai Python ta bi al'adar kwamfutar da ta tarar. Muka ƙara ambaton UTF-8 a duk inda ake buɗe fayil, Ruƙayya ta dawo Ruƙayya.

Yana da kyau mai karatu ya iya bambance alamomin wannan ciwo, domin ba hukuncinsu ɗaya ba. In ka ga ɗan akwati a gurbin harafi, harafin yana nan lafiya, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da siffarsa, sai a sauya salo. In ka ga baƙin haruffa biyu irin na sama, bayanin bai lalace ba, karatun ne ya kuskure, ana iya dawo da shi. In kuwa alamar tambaya ka gani, kuma an riga an ajiye fayil ɗin a haka, to harafin ya tafi, sai an koma ga takardar asali an sake bugawa. Sa'an nan akwai mas'alar jeri: lambar Z ita ce 90, ta Ƙ kuwa 408, saboda haka manhajar da ke jera sunaye bisa lamba kawai za ta kai Ƙasimu can bayan Zainab, mai nema ya duba kusa da K bai gan shi ba, ya sake yi masa rajista da K mara lanƙwasa, mutum ɗaya ya zama biyu a littafi.

Abu na ƙarshe da na sa shi ya gyara kafin in sallame shi ya shafi wutar lantarki, wadda duk wanda ke aiki a ƙasarmu ya san ana iya ɗauke ta a kowane lokaci. Manhajarsa tana ajiye sakamako ne ta hanyar goge tsohon fayil ta rubuta sabo a kansa, in wuta ta tafi a tsakiyar rubutu kuwa, tsohon ya tafi, sabon bai kammala ba, aikin zango guda ya salwanta. Ƙa'idar ita ce a rubuta sabon a gefe da wani suna, sai ya kammala sa'an nan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, ko kuma a damƙa ajiyar ga rumbun bayanai irin SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, wanda aka gina shi bisa sharaɗin ko dai rubutu ya shiga gaba ɗaya ko kada ya shiga sam. Ya tafi bayan Isha'i, ranar Litinin kuma aka raba sakamako ba tare da an taɓa biro ba.

Kai kuma mai karatu, in kana cikin masu aiki da irin waɗannan manhajoji a ofis ko kanti ko makaranta, ina roƙonka, ran da ɗaya ta ba ka matsala, kada ka tsaya ga cewa ta ƙi aiki. Ka rubuta tagar da kake ciki, da abin da ka shigar, da maɓallin da ka danna, da ƙarfe nawa ne, ka ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayarka, ka aika wa wanda ya rubuta ta. In kuma ka ga an ɓata sunan wani saboda ƙ ko ɗ ko ɓ, ka mayar da takardar, ka ce a gyara a cikin manhajar.